Guntuwar Wayar da Baba Ya Ɗaura

Ranar wata Talata ce, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ruwa ya fara zubowa daga famfo a ƙauyenmu. Ni ce ta uku a layi, riƙe da bokitin Inna mai ruwan ɗorawa. Rana ta take, ƙasa tana gasa mana tafin ƙafa, sai mutum ya ɗaga wannan ya ajiye waccan. Da Mai unguwa ya yi bismillah ya murɗa kan famfon, sai ya yi tari sau biyu, ya tofo iska da jan laka, can sai ruwa ya ɓalle fari tas yana dukan siminti. Mata suka rangaɗa guɗa. Goggo Hansai, tsohuwar da katangarta ke jikin tamu, ta tara hannu biyu ta sha, ta wanke fuska, ta koma gefe ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zani. Mu kuwa yara muka yi ta tura kawunanmu ƙarƙashin ruwan har da ɗankwali, babu babban da ya tsawata mana.

Sai wanda ya san rijiyarmu ta da zai gane kukan Goggo. Ƙauyenmu ƙarami ne a gefen Balan, cikin ƙasar Gaya, rijiyar kuma tana can bakin fadama, sai an wuce gonakin gyaɗa da wata tsohuwar tsamiya kafin a kai. Kowace yarinya sawu biyu ne a kanta kafin ta tafi makaranta. In bazara ta yi bazara, ruwan ya janye ƙasa, sai a ƙara wa guga igiya, a ja a ja har tafin hannu ya yi kanta, abin da zai fito kuma rabinsa laka ne, sai an bar shi a randa ya kwanta. Daga nan ga surfe, ga sharar tsakar gida, ga ba awaki dusa. Kafin mu isa makaranta an kaɗa ƙararrawa, malamin horo yana bakin ƙofa da tsumagiyarsa. Har yau akwai wurin da gashi bai cika fitowa ba a tsakiyar kaina, daidai inda gammo ke zama.

Wasu 'yan kwangila ne daga birni suka haƙa mana rijiyar burtsatsen. Suka kafa tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, suka jera farantan sola, suka gina ɗan ɗakin bulo. A cikin ɗakin akwai manyan batura, da wani akwati mai ruwan toka a jikin bango, mai ɗan gilashi da ke nuna lamba. Akwatin ne ke auna ƙarfin baturan, shi ne kuma ke kunna injin da ke ƙasan rijiya ko ya kashe shi. Da za su tafi suka bai wa Mai unguwa mukulli, shi kuma ya danƙa wa Babana, da sharaɗin ya riƙa goge farantan yana share ɗakin, kada ya taɓa akwatin.

Malam Idi Mai Rediyo ake ce wa Babana. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake. In an kai amfani gida sai ya fito da teburinsa ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, ya hura gawayi a wani tsohon gwangwani ya sa ƙarfen dalmarsa a ciki. Rediyo, tocila, cazar waya, har agogon bango, duk kawo masa ake yi. Ranar kasuwar Ajingi kuma ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke tun da sanyin safiya. Bai taɓa shiga ajin boko ba, karatun allo kawai ya yi, gyaran kuma a wurin wani tsoho a Gaya ya koya da yana saurayi. Dukiyarsa duk ba ta wuce wata mitar awon lantarki mai allura ba, gilashinta a tsage, an ɗaure bayanta da robar tayar keke. Wayoyi biyu gare ta, ja da baƙa. Da yake ni ce babba a gidanmu kuma ban iya zama wuri ɗaya ba, ni yake bari in riƙe masa baƙar. "Rakiya, fara ba baƙar wurin tsayawa, sannan a tambayi jar," in ji shi. In na yi wasa hannuna ya zame, allurar ta faɗi, sai ya ce, "Kin gani? Mita ba ta san waya ɗaya ba. Abin da ke tsakanin biyu take faɗa."

Wata biyu muka yi muna shan ruwa cikin kwanciyar hankali. Na daina makara, har na sami lokacin carafke da ƙawayena a inuwar tanki. Daga nan famfon ya fara tsiya. Ana cikin tara ruwa sai injin ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, wani lokaci yini guda ba a tara abin kirki a tanki ba. Lambar da ke jikin akwatin ba ta tsayawa wuri ɗaya: yanzu ashirin da huɗu, kafin ka ƙifta ido ta koma tara, ta haura talatin, ta faɗo sifili. Duk sa'ad da ta faɗo, akwatin sai ya ɗauka baturan sun ƙare, ya kashe injin. Aka kira lambar wayar da 'yan kwangilar suka bari har aka gaji, ba a ɗauka. Mata suka fara biyowa ta gidanmu da jarkokinsu babu komai, suna yi wa Inna magana don Baba ya ji. Sati uku yana cewa an hana shi taɓawa. Ranar nan bayan la'asar Mai unguwa ya tako da kansa har ƙarƙashin darbejiya. Ina zaune a bakin zaure ina ɓarar gyaɗar iri, na ji da kunnena ya ce, "Malam Idi, ka duba mana abin nan don Allah. In an tambaya, ni na sa ka."

Washegari da hantsi muka shiga ɗakin bulon, ni da shi. Ya fara auna baturan da mitarsa, ina riƙe da baƙar waya. Allura ta tashi ta tsaya cak, ko motsi ba ta yi. Ya ce, "Baturan nan lafiyarsu ƙalau. Mai ba da labarin ne ke ƙarya." Ya kwance murfin akwatin da sukundireba, ya daɗe a tsugunne yana kallo, bai taɓa komai ba. Can ya nuna min wasu ramuka biyu dab da juna, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. Jar waya ta taso daga wajen baturan ta shiga na farko. Na biyun kuwa babu komai a ciki, ƙusarsa ma ba a ɗaure ba. Ya ce, "Shi ma hannu biyu gare shi kamar mitata, sun bar masa ɗaya a iska." Ya yanko guntuwar waya daga lasifikar wata matacciyar rediyo, ya feƙe bakinta da haƙori, ya ɗaura ta daga ramin nan zuwa layin baƙar wayar baturan. Lamba ta tsaya a kan ashirin da biyar, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Muka ji injin ya ɗauka daga can ƙasa, bututu ya fara rawa.

Daminar nan gaba ɗaya ruwa bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Goggo Hansai ta aiko wa Baba da ƙwaryar fura har sau biyu, samari suka koma ce masa Injiniya, yana murmushi yana cewa su bari. Ni kuwa kaina ya kumbura. Babu wanda ban ba labarin ba a makaranta da Islamiyya, kullum kuma rawar da na taka ƙara girma take yi a bakina.

Da kaka, ana tsakiyar tsinkar gyaɗa, wata farar mota ta shigo ƙauyen. Wani matashi ya fito, ya soke riga cikin wando, da fayil a hammata. Ya ce kamfanin ne ya turo shi dubawar ƙarshe. Baba yana gona, aka tura a kira shi, aka karɓi mukulli a wurin Inna. Ina bakin famfo da jarka lokacin da mutumin ya leƙo daga ɗakin ya ce, "Wa ya buɗe akwatin nan?" Maza sun fi goma a wurin, babu wanda ya ce uffan. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni a shekaruna goma sha ɗaya, na ɗauka kunya ce ta hana su magana, na kuma ɗauka mutumin so yake ya yi godiya. Na ajiye jarka na matso, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Babana ne! Shi ya gyara. Ga wayar da ya ɗaura nan, ina wurin."

Baba ya iso da ƙasar gona a ƙafafunsa, ya yi sallama, ya ɗan rusuna. Mutumin bai amsa ba. Ya sa yatsa ya fizge guntuwar wayar, nan take lamba ta koma tsalle-tsallenta, injin ya mutu. Ya juyo ga jama'a ya ce, "Kun gani ko? Ya ƙona shi."

Baba ya ce, "Yallaɓai, haka yake yi tun kafin in taɓa. Mayar da ita ka gani."

"Malam, a wace makaranta ka karanci lantarki?"

"Ban karanta ba, yallaɓai."

Direban motar ya kwashe da dariya. Baba ya waiwaya ya dubi Mai unguwa. Mai unguwa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ni dai gogar faranti da shara na san na sa shi." Daga cikin waɗanda suka yi sati uku suna roƙon Baba, babu wanda ya buɗe baki ya ce lambar ta daɗe tana rawa. Mutumin ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce tunda an sa hannu alhakin ya tashi daga kansu, amma zai taimaka. Suka kwance akwatin, suka loda shi a mota har da baturan, wai za a duba su a Kano a dawo da su cikin sati biyu. Ba mu sake ganin motar ba.

Inna ce ta fara kama ni a tsakar gida, ta murɗe min kunne tana cewa, "Wa ya tambaye ki? Duk mazan da ke wurin ba su da baki sai ke?" Baba ya fito daga ɗaki ya ce, "Ƙyale min yarinya. An yi tambaya, ta faɗi abin da ta gani." Ko a ranar ko bayanta bai taɓa yi min faɗa a kan maganar ba. Da ma dukana ya yi, da na fi samun sauƙi.

Muka koma rijiyar fadama, muka koma gammo da tsumagiyar malamin horo. Sai dai yanzu duk guga ɗaya da aka jawo, da sunan gidanmu ake jawo shi. In na iso bakin rijiya hira sai ta tsaya. Ƙawayena suka daina kirana carafke, in na zauna sai su kwashe duwatsunsu su sake wuri. Goggo Hansai, wadda ta yi ta aiko da fura, ta dube ni wata safiya tana nishi da tulu a kai ta ce, "Da ubanki ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, da ban dawo hanyar nan da tsufana ba." Aka daina kawo wa Baba gyara. Mutum sai ya hau babur ya kai rediyonsa har Gaya, ya wuce ta gaban darbejiyarmu da ita a rungume. Baba ya mayar da teburinsa cikin zaure, daga baya ma ya jingine shi a bango. Ajingi kaɗai ya rage masa, inda ba a san labarin ba.

Da bazara ta zagayo, ruwan rijiyar ya ɓaci fiye da kullum. Gudawa ta kama yara a gidaje da yawa, har da ƙanena, amma shi Allah ya tashe shi. Jikan Goggo Hansai, ɗan shekara biyu, bai tashi ba. Baba ya je jana'iza, ya je zaman makoki, ya miƙa wa uban yaron hannu, shi kuwa ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi. Kowa ya san abin da ake nufi. Tun daga ranar Baba ya daina zama a dakalin masallaci. Ana sallamewa zai sa takalmi ya taho gida.

Wata rana da damina muna noman firi a gonar gero, ni ina binsa a baya ina tsince ciyawa, sai ya dafa ƙotar fartanya ya tsaya. Bai juyo ba ya ce, "Rakiya, ranar nan da na ɗaura wayar, lambar ta tsaya da gaske, ko idona ne?" Na ce ta tsaya, Baba, ai wata nawa muna shan ruwa. Ya ce, "To ko tsayawar ce ta cinye shi a hankali? Ni ban yi karatu ba. Wataƙila akwai dalilin da ya sa suka bar ramin haka." A nan na gane sun ƙwace masa abin da ya fi teburin. Mutumin da ke jin ciwon rediyo daga ƙararta ya daina yarda da idonsa.

Shi ne ya dage na tafi sakandare a Gaya, a gidan ƙanwarsa, shi ne kuma bai hana ni ba da na ce lantarki zan karanta a kwalejin fasaha a Kano, duk da mutane sun ce abin dariya ne, 'yar wanda ya ƙona famfo. Muna shekara ta biyu wani malami ya shigo ya zana mana wani ɗan abu a allo, wanda ke mai da ƙarfin lantarki lambobi, a taƙaice ana ce masa ADC. Ya ce akwai irin da ke da ƙafa biyu, ba ya auna ko ɗaya ita kaɗai, bambancin da ke tsakaninsu yake ƙirgawa. In abin da za ka auna layi ɗaya ne, kamar ƙarfin batir, dole ka ɗaure ɗaya ƙafar a layin baƙar waya, wanda masu sana'ar ke kira ƙasa. In ka bar ta a sake, duk abin da ta tsinta a iska shi za ta kawo, lamba ta yi ta yawo. Ya ce kuskure ne da masu gaggawa ke yawan yi. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, in wani ya tarar an bar ta a sake ya ɗaura mata waya, zai iya ƙona na'urar?" Ya dube ni ya ce, "Ƙona me? Ai shi ne gyaran."

Ban jira hutu ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Gaya, na hau babur zuwa gida. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya, gemunsa ya yi fari, idonsa ya fara rauni. Na durƙusa na buɗe littafina, na nuna masa zanen, na faɗa masa maganar malamin kalma bayan kalma. Ya kawo littafin dab da fuskarsa. Ya ce in sake. Na sake. Ya sa yatsa ya bi layin da ya tashi daga ƙafa ta biyu ya sauka ƙasa, ya daɗe yatsan yana wurin. Na zaci zai yi murna, ko ya tsine wa mutumin farar mota. Sai ya ajiye littafin a cinyarsa ya ce a hankali, "Ashe ba ni na kashe yaron nan ba."

Shekara tara yana ɗauke da wannan, yana noma da shi, yana sallah da shi, ba mu sani ba. Na miƙe ina kuka na ce zan bi gida-gida in karanta musu. Ya ce, "Zauna. Wa za ki faɗa wa? Mai unguwa ya rasu, Goggo ta rasu. Sauran kuma sun san lambar tana rawa tun kafin in taɓa, suna wurin." Har yanzu ban san ko matashin nan jahilci ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, ko kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane kuskuren nasu ne, ya nemi wanda zai ɗora wa. Na daɗe ina tunanin wanne ya fi muni, na bari.

Yanzu aikin sola nake yi, ina yawo tsakanin Gaya da Ajingi da ƙauyukansu, mutane suna ce min Injiniya, ina da takardar da zan nuna in an tambaya. Ƙauyenmu akwai famfo uku, 'yan matan yanzu ba su san hanyar fadama ba, suna isa makaranta da farin hijabinsu ko ɗigon laka babu. Ina taya su murna, amma in na gan su sai in tuna watannin da Baba ke fitowa da safe mutane na rige-rigen gaishe shi, ya hura gawayinsa yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Wannan Baban mai waƙa ban sake ganinsa ba, ko bayan na kawo masa labarin. Ya rasu shekara biyu bayan haka, da sanyin kaka. Gidanmu ya cika da masu ta'aziyya, har da uban yaron nan, kowa ya zauna sai ya ce Malam Idi mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na zauna kusa da Inna kwana uku ina amsa gaisuwa ina saurare.

Kowa ya yabi haƙurinsa. Babu wanda ya ce an zalunce shi.